Kwalbatin Garinmu da Burtsatsen da Ya Mutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye aiki ina hedimasta, kuma na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu a matsayin magatakarda, don an ce rubutuna yana karantuwa. Da gangan ba zan faɗi sunan garin ko na ƙaramar hukumarmu ba. A wannan zamani da ka buɗe baki, kafin a saurari abin da ka ce an riga an duba launin hular da ke kanka. Abin da zan faɗa kawai shi ne a tsohuwar Jihar Kano aka haife ni, tun kafin a cire Jigawa daga cikinta a 1991. Mai karatu ya ajiye ni a duk ɓangaren da ya ga dama, don na san labarina ba zai zama baƙo ba a kowanne.

Tsakanin garinmu da bakin titi akwai wani rafi. In ka zo da rani sai ka yi mana dariya, don yashi ne kawai da kashin awaki, ɗan yaye ma a guje yake wuce shi. Amma da marka ta sauka a watan Agusta, sai ya zama wani abu dabam. Ruwa ya taho ja wur, yana kumfa, yana ɗauke da kara da reshen itace, wani lokaci har da tunkiyar wani. 'Yan makarantar sakandare su tuɓe wando su ɗora a ka tare da littattafai. Mai a-kori-kura ya tsaya a wancan ƙetaren ya ce iyakarsa ke nan, sai a riƙa fito da buhu a kan wuya, kowane buhu da ladan ɗaukarsa. A haka muka taso, a haka muka tsufa, muna cewa sai haƙuri.

Abin da ya ƙarar da haƙurin ya faru ne a gidana. Matar yaron nan nawa na fari, wanda ba na kama sunansa, naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare. Ungozoma ta yi iya yinta, can ta leƙo zaure ta ce mini, "Malam, wannan fa ta fi ƙarfina, a nemi asibiti." Muka shimfiɗa katifa a amalanke, muka ɗaura shanu. Muna isa bakin rafin muka tarar ya cika ya batse. Ga fitilar motar da aka kira muna hango ta a wancan gefen, direban yana ta danna oda, mu kuma muna tsaye, yarinya tana salati tana kiran uwarta. Sai bayan asuba ruwa ya ɗan ja, samari shida suka ɗaga katifar a kafaɗa suka ƙetare. Uwar ta rayu. Abin da ke cikinta Allah bai yi zai taka ƙasa ba. Na san rai na Allah ne, ban kuma taɓa jayayya da wannan ba. Amma rafin nan bai kai faɗin filin ƙwallon makarantarmu ba.

Bayan kaka ta wannan shekarar mai gari ya sa aka yi shela cewa za a gina kwalbati a kan rafin. Aka yanka wa kowane gida tiyar gero ko dawa daidai ƙarfinsa, 'ya'yanmu da ke neman kuɗi a Legas da Fatakwal suka turo nasu. Samari suka ɗauki nauyin yashi da dutse, mata suka ɗauki ɗebo ruwa da dafa abincin ma'aikata. Wanda bai taɓa ganin aikin gayya ba, ba zai gane daɗin da ke cikinsa ba: makaɗi yana zuga, dattijon da ko cebur ba zai iya ɗagawa ba ya zo ya zauna a gindin bishiya yana sa albarka, yara suna miƙa kwanon kwaɓi hannu da hannu. Birkilanmu mutum ne mai amana, shi ya gina rabin gidajen bulo da ke garin har da masallacin Juma'a. Ya jera zoben siminti guda biyu irin na rijiya a kwance, ya rufe da kankare, aka zuba jar ƙasa a kai. Ranar da mota ta fara hawa, har guɗa aka yi.

Damina ɗaya bai kai ba. Ruwan tsakiyar Agusta ya zo ya tarar da ƙofar ta yi masa kaɗan, sai ya taru a baya kamar tafki, ya shiga cin ƙasa ta gefe da ta ƙarƙashi, cikin dare ɗaya ya yi awon gaba da komai. Da safe muka tarar da zobe ɗaya a cikin gonar wani, ɗayan ya dare biyu. Birkila yana zaune a kan tudu ya yi tagumi, aka rasa mai iya ce masa sannu. Gumin gari guda ya tafi a banza, kuma ba ragwanci ya ja mana ba, ba kuma cin amana ba. Ba mu san lissafin ruwa ba ne kawai.

Daga nan zaryata ta fara. Na rubuta takarda, mai gari ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi. A sakatariyar ƙaramar hukuma aka karɓe ni da mutunci, don akwai ɗalibaina a ciki, amma amsar ɗaya ce: kuɗi suna sama, abin da ke zuwa mana albashi ma da ƙyar. Na hau mota na tafi babban birni. A can kuma aka ce mini ai kwalbati da hanyar ƙauye aikin ƙaramar hukuma ne. Abin haushin, kowannensu da gaskiyarsa. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu. Shi kuma Sashe na 162 na wannan kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi yake bi ta hannun jiha kafin ya isa gare su. A rabon asusun tarayya, gwamnatin tsakiya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Wato kaya a kan wani, gammo a hannun wani. Na ji hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina naɗa musu kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu. Na yi murna da shi. Sai dai mu na ƙauye mun zama kamar karen da aka ce wa tuwo ya yi yawa a gidan biki, ya ce ma gani a ƙas.

Allah ya haɗa ni da wani matashin injiniya a ɗaya daga cikin ofisoshin da nake zarya. Ya ga na cika zama a kan bencin nan har masinja ya fara ce mini "Baba, yau ma?" Ya karɓi takardar ya karanta, ya ce zai zo ya gani da idonsa. Ran Asabar sai ga shi a kan babur ɗinsa. Abin da ya fara yi shi ne abin da ya sa har yau nake ganin girmansa. Bai ciro awo ba tukuna, sai ya ce a kira masa wanda ya fi kowa tsufa a garin. Aka jawo wani dattijo da ya haura tamanin. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a iya saninka, ina ne ruwan nan ya taɓa kaiwa mafi nisa?" Tsoho ya dogara sanda har gindin wata kanya, ya ɗaga hannu ya dafa wani wuri a jikinta da ya kai ƙirjin mutum. Injiniya ya sa alli ya yi zane a wurin. Daga nan ya bi rafin a ƙafa zuwa sama, yana duba gonakin da duk ruwansu nan yake gangarowa. Da ya dawo ya zauna da birkilanmu a kan tabarma, ya zana masa a ƙasa da tsinke: ƙofa biyu masu kusurwa huɗu, kowace mutum zai iya shiga a sunkuye, a haƙa harsashi har sai an tarar da ƙasa mai tauri, a yi fukafukai na kankare a bakin shiga da bakin fita don su tattaro ruwa su hana shi cin gefe, a shimfiɗa dutse da siminti a inda ruwa yake faɗowa don kada ya yi rami ya koma ƙarƙashin ginin. Birkila ya jinjina kai ya ce, "Da na san wannan tun farko."

Yabon gwani ya zama dole, kuma shi ne rabin dalilin wannan wasiƙa. Bayan rahoton da yaron nan ya rubuta, gwamnatin jiha ta aiko mana da siminti da rodi da katakon zuba kankare, ta ba da aron tifa da greda na 'yan kwanaki, shi kuma aka ba shi izinin zuwa duba aiki. Yashi da dutse da ruwa da ƙarfin damtse namu ne. Ni na riƙa ƙirga buhunan siminti da safe da yamma ina rubutawa, makullin sito kuma biyu ne, ɗaya wajen liman ɗaya wajen shugaban samari. Yau damina bakwai ke nan kwalbatin yana tsaye, har motar taki tana hawa. Ba a kafa masa allo ba, ba wanda ya zo yanke ƙyalle, gidan rediyo ma bai san an yi ba. Duk wanda ya sa hannu a takardar nan aka saki kayan, Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan magabatansa.

To ga ɗaya rabin. Shekara biyu bayan haka, wata safiya muka wayi gari da ƙarar injin haƙa. Wasu mutane ne da motoci, sun ce an ba su kwangilar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ba wanda ya tambayi mai gari, balle mata, waɗanda su ne suka san wahalar ruwa. Suka zaɓi fili a bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani, alhali tsofaffi sun san ruwan wannan gefen zartsi ne. Aka kafa tanki a sama, aka jera faranti, aka yi fenti, aka zo da 'yan rakiya da masu ɗaukar hoto. Mun yi godiya, don ba a raina kyauta. Kafin shekara ta zagayo injin da ke cikin ramin ya ƙone. Wa za mu kira? Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bai bar lamba ba, bai nuna wa ko yaro ɗaya yadda ake kunce wani abu ba. Mun so mu yi karo-karo mu gyara, aka ce mana kayan gwamnati ne, kada a taɓa sai da izini. Muna jiran izini ɓarayi suka kwance faranti uku. Yanzu tankin ya zama gidan tattabaru, 'yan mata sun koma layin tsohuwar rijiya da guga. Allon sanarwar ne kaɗai bai lalace ba, don ƙarfensa mai kyau ne, har yara suna ɗaure akuya a jikinsa.

Ba sai na yi rantsuwa ba, abin da aka kashe a burtsatsen nan ya ninka abin da aka ba mu na kwalbati. Na kwalbati mu muka nema, da hannunmu aka yi shi, ko yaro aka gani yana ƙwaƙular dutsen gefensa sai an ja masa kunne. Na biyun kawo mana shi aka yi kamar yadda ake ajiye wa almajiri saura, ba a tambaye mu ko abin da muke so ke nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada a fahimce ni a karkace. Akwai ayyukan da gwamnati ce kaɗai za ta iya. Ina saurayi lokacin da Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya duƙufa kan madatsun ruwa. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 ba aikin tiyar gero ba ne, kuma duk wanda ya bi ta Kadawa da Kura ya ga shinkafa da tumatir da rani ya san abin da ruwan nan ya haifar. Na kuma ga lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, na koyar a ajin yaƙi da jahilci na yamma a zamaninsa, inda magidanci mai furfura yake koyon rubuta sunansa. Gadojin sama da ake yi a birane ma ba na hassada da su, in na shiga birni ina hawa ina jin daɗi. Abin da nake cewa shi ne, rodin da ke cikin ƙafa ɗaya ta irin waɗannan gadoji zai fitar da garuruwa da yawa irin namu daga ƙangin damina, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ji cewa kason da jihohi ke karɓa ya ƙaru. Farashin siminti ma ya ƙaru, shi ya sa karo-karon talaka ba ya kai shi inda yake kai shi da.

Kuma ba sabon abu nake kawowa ba. Shirin ci gaban al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa jihohi da dama da shi daga 2009 zuwa 2021 a kan wannan turbar aka gina shi: al'umma ta zauna ta zaɓi abin da ta fi buƙata, ta zaɓi kwamitinta, ta kawo kashi 10 cikin ɗari, ko da kuɗi ko da kayan aiki da ƙarfinta, sauran a cika mata. Ita kanta gwamnatin jiha da irin wannan sharaɗin take karɓar kuɗin gina azuzuwa a ƙarƙashin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004: sai ta ajiye nata kason sannan ta ɗauki na tarayya. To me zai hana ta yi wa garuruwanta abin da ake yi mata, ba sai baƙo ya zo da kuɗinsa da sharuɗɗansa ba? A ware wani abu a kasafin kuɗi na kowace shekara da sunan tallafin aikin gayya. Duk garin da ya tara yashi da dutse, ya buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, ya ɗauki kayansa ya kai gwiwa, a taya shi kaiwa ka. Tallafin ma ya fi kyau ya zo a siminti da rodi da kwano, don kuɗi a hannu yana da ƙafa.

Abin da ya fi siminti muhimmanci a wurina shi ne mutum irin matashin injiniyan nan. Ma'aikatun ayyuka cike suke da injiniyoyi da ke zaune a ofis suna jiran fayil. A ba su man babur da alawus, a raba musu ƙananan hukumomi, ya zama duk ƙungiyar da za ta zuba kankare a kan hanyar ruwa ko ta ɗora rufi a kan aji tana da wanda zai duba mata kyauta kafin ta fara. Da an yi mana haka, da geronmu na farko bai bi ruwa ba. Greda ɗaya mai lafiya da ke zagaya gundumomi bayan ɗaukewar ruwa za ta yi wa hanyoyin burji abin da takardun koke ɗari ba su yi ba. Burtsatse kuwa, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya koya wa samari biyu na garin gyara, ya damƙa wa kwamiti takarda cewa abin nasu ne, su karɓi ɗan abin da aka yanka a kan jarka su ajiye don ranar lalacewa.

Mu ma da namu laifin, kuma in ban faɗa ba na yi son kai. Na san ƙungiyoyin da ba a jin motsinsu sai zaɓe ya matso. Na san inda ma'aji ya ci kuɗin rijiya aka rufe maganar don surukin mai gari ne. Mu ne muke zuba shara a kwata, mu gina shago a kan hanyar ruwa, ambaliya ta zo mu ce gwamnati. Ɓarayin da suka kwance farantanmu ba daga wata ƙasa suka zo ba, wani a garin ya ga fuskarsu ya yi shiru. Saboda haka in gwamnati ta ce sai ta ga littafin kuɗi kafin ta ba da buhu ɗaya, ni ne na farko da zan miƙa nawa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mai da aikin gayya hanyar zame kafaɗa, a ce tunda kun iya ku ci gaba, ko a riƙa duba akwatin zaɓen gari kafin a duba takardarsa. A garinmu ranar zuba kankare ɗan wannan jam'iyya ne yake miƙa wa ɗan waccan kwano.

Sai maganar yabawa. Ina ƙaramin malami akwai jami'in raya karkara da ke zagayawa a kan keke yana rubuta garin da ya gyara hanya, da wanda ya gina aji, da wanda ya yashe rijiya, kuma a ƙarshen shekara akan kira waɗanda suka yi fice a ba su takardar yabo a gaban hakimi. Takarda ce kawai, amma na ga yadda gari ke kishin gari saboda ita. Yanzu lambar yabo ta koma ta masu babbar riga a otal. Birkilanmu ya rasu bara, bai taɓa riƙe ko guntuwar takarda da ke cewa an san abin da ya yi ba. Ku ma 'yan jarida da naku kason a nan, Malam Edita, don kun fi zuwa inda aka kafa rumfa aka jera kujeru.

A daminar da ta wuce mun lura fiffiken kwalbatin na gabas ya fara tsagewa daga sama, ana iya zura yatsa a ciki. Mun riga mun tara dutse tifa biyu a gefe, samari sun ce ranar da aka kira su suna nan. Injiniyan namu an yi masa canjin wurin aiki, lambarsa kuma ba ta shiga. Ba ma so mu taɓa ginin da ka irin na farko. Takardarmu tana gaban hukuma tun watan jiya, kuma ga bazara tana ƙaratowa. In wani mai faɗa a ji ya karanta wannan, ko wakilinka yana son ganin tsagar da idonsa, adireshina yana bayan ambulan. A sauka a bakin titi a ce wa masu babur a kai mutum gidan tsohon hedimasta.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon hedimasta, magatakardan ƙungiyar ci gaban gari